Dawowa Jami'a Bayan Shekara Uku: Yadda Lissafin Juyi Ya Tona Giɓin Wani Ɗalibi

Lamarin na wani ɗalibin injiniyanci ne a wata jami'ar tarayya da ke Arewa. Ya shiga a shekarar karatu ta 2019/2020. Kafin ya rubuta jarrabawarsa ta farko aka rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020, ASUU kuma ta tsunduma yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Da aka dawo aka yi jarrabawa a gurguje, ya ci sauran kwasa-kwasansa amma ya faɗi PHY 101, wato fiziks ɗin aji ɗaya da ya shafi motsi da ƙarfi. Bai kai ga sake zama mata ba aka yi masa rasuwa, shagon gida ya dawo wuyansa, ya nemi a ɗage masa karatu. Ga kuma yajin aikin 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Sai a shekarar 2023/2024 ya koma, a matsayin ɗan aji biyu mai ɗauke da kariyoba, wato kwas ɗin da ya faɗi da zai maimaita. Rabonsa da littafin fiziks kusan shekara uku.

Gwajin farko na simistar, kan motsi a miƙaƙƙen layi, bai ba shi wahala ba. Na biyu, kan abubuwa masu juyawa, shi ne ya yi masa tutsu. Hukuncin da ya yanke wa kansa shi ne ƙwaƙwalwarsa ta yi tsatsa, ya koma haddace fomula dare da rana. Mataimakin malamin da ke yi musu tutoriyal ya karɓi takardar gwajin ya bi ta layi-layi, sai ya ga ba nan gizo ke saƙar ba. Kusan duk fomulolin da ya rubuta daidai suke. Abin da ya zube a shekarun nan uku ƙananan ɗabi'un aiki ne da ake koya tun a sakandare, kuma babin juyi ne wurin da ake buƙatarsu duka a tambaya ɗaya.

Takardu tukuna

Abin da ya ba shi damar dawowa tun farko takarda ce. Bai sulale ba kamar yadda da yawa ke yi. Ya rubuta neman ɗage karatu ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, majalisar malamai ta jami'a ta amince, ya kuma adana kwafin amincewar. A ƙa'idar jami'o'i da yawa, wanda ya daina rajista babu izini ana ɗaukarsa ya janye kansa, sannan akwai iyakar shekarun da ɗalibi zai yi: digirin shekara huɗu yawanci ba ya wuce shida. Wanda ya tafi da izini ne ke da bakin magana a kan waɗannan shekarun.

Ya kuma tarar an canza manhaja. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS a Disamba 2022, aka fara aiki da ita a 2023/2024, kashi 70 daga hukumar, kashi 30 daga kowace jami'a. Da sababbin ɗalibai zai zauna PHY 101, don haka tsohon handawut ɗinsa ba abin dogaro ba ne sai an gwada shi da sabon jadawalin kwas. Kodinetan ajinsu ya sa ya fara rajistar kariyoba, kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya kuma hana shi cika yunit 24 da aka yarda a simista. Ya tsaya a 18. Shawara ce mai kyau ga mutumin da har yanzu yake buɗe shago da safe, ga kuma sharaɗin halartar kashi 75 na laccoci kafin a shiga jarrabawa.

Tambaya ta ɗaya: injin niƙa

Tambayar ta ce motar injin niƙa tana zagaye 1,440 a minti. Fulin da ke kanta radiyos ɗinsa santimita 5 ne, bel ya haɗa shi da wani fuli mai santimita 15. A nemo gudun bel ɗin da saurin juyin babban fuli.

Ɗalibin ya rubuta v = rω, wato gudu (v) shi ne radiyos (r) sau saurin juyi (ω), daidai. Sai ya ɗauki 1,440 ya ninka da 0.05, ya samu mita 72 a sakan. Wato bel ɗin injin niƙa na gudun kilomita 259 a awa, kuma bai ji komai a ransa ba. Fomular v = rω ba ta aiki sai ω na cikin radiyan a sakan, domin daga ma'anar radiyan aka samo ta: tsawon baka a raba da radiyos. Zagaye ɗaya radiyan 2π ne, minti kuma sakan 60. Saboda haka ω = 1,440 × 2π ÷ 60, wato radiyan 150.8 a sakan, gudun bel kuma mita 7.54 a sakan, kimanin kilomita 27 a awa. Wannan hankali zai ɗauka.

A kashi na biyu ya ba fulin biyu ω ɗaya. Abubuwan da bel ko sarƙa ta haɗa gudun bakinsu ne ɗaya, waɗanda ke kan sanda ɗaya kuwa saurin juyinsu ne ɗaya. Nan bel ne, don haka ω na babban fuli 7.54 ÷ 0.15 ne, radiyan 50.3 a sakan, daidai da zagaye 480 a minti. Fuli ya ninka uku, sauri ya ragu uku.

A wata ƙaramar tambayar kalkuleta ce ta ci amanarsa. Sifana mai tsawon mita 0.30, an danna ta da niyuton 200 a kusurwar digiri 60. Ƙarfin murɗi, τ = rF sin θ, ya kamata ya fito 52 N·m. Shi ya samu −18.3. Dalili: bayan ya fara tunawa da radiyan sai ya mayar da kalkuletarsa can ya manta, ita kuma ta lissafa sin na radiyan 60, wanda yake −0.305. A kalkuletar Casio da yawancin ɗalibai ke riƙewa akwai ɗan harafi a saman allon, D ko R. Kallon sakan ɗaya ne. Aka sa masa doka: kafin kowane zama ya danna sin 30, in ba 0.5 ta ba shi ba, ya gyara.

Tambayar guga, inda aka fi daɗewa

Guga cike da ruwa mai mas kilo 8 yana rataye da igiyar da aka nannaɗe a jikin fuli. Fulin faifai ne cikakke, kilo 4, radiyos mita 0.15, babu gogayya a sandarsa. An saki gugan. A nemo hanzarinsa, wato yadda gudunsa ke ƙaruwa, da jan igiyar. An ba da g = 9.8.

Ga abin da ya rubuta. Inashiyar juyin faifai, wato turjiyarsa ga canjin juyi, I = ½MR² = 0.045 kg·m², daidai. Jan igiya T = mg = 78.4 N. Murɗi τ = TR = 11.76 N·m. Hanzarin juyi α = τ ÷ I = 261.3. Hanzarin guga a = αR = mita 39.2 a sakan-sakan. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Mai tutoriyal ɗin ya ɗora alƙalami a kan 39.2 ya ce masa, "In ka yanke igiyar ka saki gugan haka kawai, da wane hanzari zai faɗa rijiya?"

"9.8, Malam."

"To yaya wanda igiya ke riƙe da shi ya ninka wannan huɗu?"

Ya yi shiru. Malamin ya ƙara da cewa, "In igiya na jan guga sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyinsa, me zai sa ya motsa?"

Kuskuren a layi na biyu yake. T = mg gaskiya ne kawai idan gugan na tsaye ko yana tafiya da gudun da ba ya canzawa. Guga mai ƙara gudu zuwa ƙasa dole nauyinsa ya fi jan igiya. Wannan ba ilimin juyi ba ne, dokar Newton ta biyu ce, kuma abin da ya haifar da kuskuren shi ne rashin zane. Takardarsa babu hoto ko ɗaya. Ya daina zana kowane jiki shi kaɗai da ƙarfukan da ke kansa, saboda a sauƙaƙan tambayoyi ana iya tsallake wannan a tsira.

Hanyar da aka ɗora shi a kai ita ce zane biyu, lissafi biyu, da mahaɗi ɗaya. Zanen guga: nauyi mg ƙasa, T sama, don haka mg − T = ma. Zanen fuli: igiya na jan bakinsa, don haka TR = Iα. Nauyin fulin da riƙon sandar duk ta tsakiya suka bi, ba su da murɗi. Mahaɗin kuma: tun da igiya ba ta zamewa, a = αR. A sa I = ½MR² da α = a ÷ R a lissafi na biyu, sai R ta ɓace gaba ɗaya, a samu T = ½Ma. A kai wannan lissafi na farko:

a = mg ÷ (m + ½M) = 78.4 ÷ 10 = 7.84 m/s²

Sannan T = 8 × (9.8 − 7.84) = 15.68 N. Jan igiyar kashi ɗaya cikin biyar ne kacal na abin da ya zata.

Nan giɓi na uku ya fito. Da aka ce ya warware da haruffa kafin ya sa lambobi, sai hannunsa ya riƙa rawa. Haɗa lissafi biyu masu abubuwa biyu da ba a sani ba, aikin sakandare, ya kwance masa. Shi ya sa yake gaggawar zuba lambobi tun layin farko, kuma shi ya sa T = mg ta yi masa daɗi: tana kawar da abu ɗaya da ba a sani ba, ta raba shi da aljabara. Ɗalibai da yawa da ake cewa ba su gane fiziks ba, aljabara suke gudu.

Warwarewa da haruffa na da wata riba da lambobi ba sa bayarwa, wato ana iya gwada amsar. A ce fulin ba shi da mas, M = 0: fomular ta ba da a = g, faɗuwa zalla, daidai. A ce fulin ƙato ne ƙwarai: a ta kusa sifili, T ta kusa mg, daidai. Kuma tun da R ba ta cikin amsar, faifan kilo 4 ko ƙarami ko babba hanzari ɗaya zai bayar. Wanda ya zuba 0.15 tun farko ba zai taɓa ganin wannan ba.

Aka kuma sa shi ya bi ta hanyar makamashi don tabbatarwa. In gugan ya sauka mita 10, v² = 2 × 7.84 × 10 = 156.8, gudunsa mita 12.5 a sakan. Makamashin da ya saki mgh = 784 J. Na motsin guga ½mv² = 627.2 J. Na juyin fuli ½Iω², wanda ya zama ¼Mv², 156.8 J. A haɗa su, 784 cif. Hanya biyu da ba su dogara da juna ba sun haɗu a wuri ɗaya, kuma a ɗakin jarrabawa wannan ya fi leƙen takardar maƙwabci amfani.

Gangarawa a kan tudu

Silinda cikakkiya mai kilo 3 tana gangarowa ba tare da zamewa ba a gangaren digiri 30, an ba da ma'aunin gogayya μ = 0.5. Ɗalibin ya ga μ sai ya rubuta f = μN, inda f ƙarfin gogayya ne, N kuma turin da gangaren ke yi wa silindar. N = mg cos 30 = 25.5 N, don haka f = 12.7 N. Ya cire daga mg sin 30 = 14.7 N, ya raba da 3, ya samu 0.66 m/s².

Wannan tarko ne da malamai ke ɗanawa da gangan. Abin da ke gangarawa ba zamewa, inda ya taɓa ƙasa a tsaye yake a wannan lokacin, don haka gogayyar ta tsaye ce. μN iyakarta ce, ba adadinta ba. Tana ba da iya abin da ake buƙata ne kawai. Sai a ɗauke ta a matsayin abin da ba a sani ba, kamar T a tambayar guga: mg sin θ − f = ma, fR = Iα, a = αR. Tsari ɗaya ne, igiya ce kawai ta koma gogayya. Amsa: a = ⅔ g sin θ = 3.27 m/s², f = 4.9 N. Aikin μ a tambayar shi ne dubawa a ƙarshe: 4.9 bai kai 12.7 ba, ashe da gaske ba za ta zame ba. Ga silinda cikakkiya, mafi ƙarancin μ da ake buƙata shi ne tan θ ÷ 3, kimanin 0.19 a digiri 30.

In aka rubuta I = kMR², gudun abu a gindin tudu mai tsayi h yana fitowa daga v² = 2gh ÷ (1 + k). Babu mas, babu radiyos, siffa ce kawai. A tsayin mita 1.5, ƙwallo cikakkiya mai k = 0.4 za ta iso da mita 4.58 a sakan, silinda mai k = 0.5 da 4.43, zobe mai k = 1 da 3.83. Abin da ya sulluɓo ba gogayya ba juyi zai iso da 5.42. Ɗalibin bai yarda ba, ya ce mai nauyi ne zai riga. Aka ce ya jingina katako a kan bulo a shago, ya saki babban batirin tocila tare da gwangwanin madara da aka cire wa murfi da gindi. Batiri ne kan gaba kullum, ko da an canza gwangwanin da babba. Sai dai a kula, gwangwanin da ruwa ke ciki ba ya shiga wannan lissafin, domin ruwan ba ya juyawa tare da gwangwanin sosai, yakan riga su duka. Mai son gwada cikakken gwangwani ya nemi na tumatir mai kauri.

Sauran kurakurai biyu ba su ɗauki lokaci ba. Sanda mai kilo 2 da tsawon mita 1.2 da ke juyawa a kan bakinta, ya yi amfani da ML² ÷ 12 = 0.24, wanda na tsakiya ne. Kowace I tana da sandar juyinta. In an matsa daga tsakiya da nisa d sai a ƙara Md²: 0.24 + 2 × 0.6² = 0.96, ninki huɗu. Na biyun, faifai mai I = 0.5 yana juyi da radiyan 12 a sakan aka sako masa wani mai I = 0.25 suka manne. Ya daidaita makamashi ya samu 9.8. Abin da ba ya canzawa a nan momentom ɗin juyi ne, Iω, tun da babu murɗi daga waje: 0.5 × 12 = 0.75 × ω, ω = 8. Makamashi ya sauka daga 36 J zuwa 24 J, sauran 12 sun tafi a zafi lokacin da faifan biyu ke gogar juna kafin su daidaita.

Yadda aka tsara gyaran

Sati shida suka rage kafin jarrabawa. Sati biyun farko ba a taɓa juyi ba ko kaɗan, abin da ya tayar masa da hankali. Aljabara ce, da sauya ma'aunai, da zanen ƙarfuka a tambayoyin layi: bulo a kan gangare, mas biyu a igiya ɗaya. Sai a sati na uku aka shiga θ, ω da α, aka nuna masa cewa fomulolin motsin layi da ya riga ya sani ne aka sauya wa haruffa. Injin niƙan nan in aka ɗauke wuta ya tsaya cikin sakan 12 da raguwa iri ɗaya, α = −12.57, kuma θ = ½ × 150.8 × 12 = radiyan 904.8, zagaye 144. Ana iya duba wannan da ka: matsakaicin sauri zagaye 12 ne a sakan, sau 12. Sati na huɗu da na biyar murɗi da gangarawa da momentom, na shida tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa.

Awa ɗaya ce kullum bayan sallar asuba, tambaya uku zuwa huɗu, littafi a rufe. Karanta amsar da wani ya warware yana sa mutum jin ya gane, kuma wannan jin ne ya yaudare shi a gwaji na biyu. Duk tambayar da ya faɗi sai ya rubuta layin da ya kauce da dalilinsa a bayan littafi, ya sake ta bayan kwana uku. Teburin I da ya ɓata dare yana haddacewa aka rage masa zuwa biyar: zobe, faifai, ƙwallo, sanda a tsakiya, sanda a baki.

Ya fito da C. Tsohuwar F ɗin tana nan a sakamakonsa tana jan jimillar makinsa ƙasa, domin a tsarin yawancin jami'o'in Najeriya cin kariyoba ba ya goge faɗuwar farko. Akwai kuma abin da aka bari da gangan saboda ƙarancin lokaci: jairoskof, alkiblar murɗi da dokar hannun dama, da fitar da I ta hanyar intigireshan maimakon ɗaukowa daga tebur. Waɗannan za su tare shi a makanikan injiniyanci na aji biyu, inda ba a ba da siffofi biyar ɗin nan kawai. Kodinetan ya sa ya fara bitar kalkulas ɗin aji ɗaya a hutun tsakanin simistoci, da tsarin awa ɗaya ɗin nan, kafin a fara wancan kwas ɗin.